Kwalta a Ƙofar Gida: Abin da Baƙar Ƙasar Sinnar Take Yarda da Shi

Tun da sojojin Sudan suka sake karɓe Jabal Moya a watan Oktoba na 2024, Sinja ta biyo baya a Nuwamba, Wad Madani kuma a Janairun 2025, mutanen da yaƙi ya ɗaiɗaita suke ta komowa garuruwansu na bakin Shuɗin Nilu. Duk wanda ya dawo ya iske gidansa a tsaye, gyara ne ke jiransa: ƙyauren da aka ɓalle, rufin da damina ta ci, katangar da ta zube. Su kuwa masu ɗan abin hannu, musamman gidan da ke da ɗa ko ƙane a Jidda ko Riyad yana aiko da riyal, sukan ƙara da wata tambaya. Tunda an riga an tashi aiki, me zai hana a malala kwalta tun daga bakin titi har ƙofar gida, a shige da ita tsakar gida inda mota ke kwana, a rabu da caɓin damina gaba ɗaya?

Tambayar ba ta 'yan gayu ba ce. Wanda ya taɓa yin watan Agusta a Mai Wurno ko Shehu Talha ko Suki ya san abin da ruwan dare ɗaya yake mayar da unguwa. Nan ba Katsina ba ce, inda rairayi ke shanye ruwa kafin hantsi. Laka takan kama takalmi, kowane taku ta ƙara nauyi, har mutum ya gwammace ya tuɓe ya riƙe a hannu. Boksi, wato a-kori-kura, ya taho lafiya lau a kan zalat, titin kwalta, tun daga Sinnar, ya sauka saura taku talatin ya isa gida, sai ya kafe, tayoyi na ta juyawa wuri ɗaya. In mai naƙuda ce a ciki, ko buhunan dawa da hadari ya taso musu, ba sai an yi dogon bayani ba. Don haka buƙatar gaskiya ce. Sai dai a ganina, ga mafi yawan gidajen wannan yanki, kwalta ce amsar da ta fi tsada, kuma ita ce ta fi saurin ba mai ita kunya. Dalilin yana ƙarƙashin ƙafa.

Filin Jazira, tun daga kudancin Hartum har gaba da Sinja, baƙar laka ce wadda ruwa ya kwaso daga duwatsun Habasha ya jibge cikin dubban shekaru, kaurinta mita da yawa. Fiye da rabinta yumɓu ne zalla, kuma irin yumɓun nan mai shan ruwa ya kumbura, ya bushe ya tsuke. Da rani ƙasa ta daddare, tsaga ta buɗe har a zura hannu, zurfinta ya kai mita ko ya wuce. Ruwan farko ya gangara cikin tsagogin, yumɓu ya kumbura ya rufe bakinsu, daga nan ruwa ba ya ƙara samun hanyar sauka; sai ya kwanta a sama yana jiran rana. Ruwan da Sinnar ke samu a shekara bai wuce milimita 400 zuwa 500 ba, bai kai na Kano ba, amma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Oktoba yake zuba, a kan ƙasar da ba ta sha, a filin da gangarensa bai kai kamu ɗaya ba a kilomita guda. Mutanen Borno sun san irinta: ita ce firgin Dikwa da Marte da Ngala, kuma direban da ya saba bin hanyar Maiduguri zuwa Gamboru ya san yadda take yi wa titi.

Wannan halin nata shi ne arzikin Jazira. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka saki ruwa zuwa faddan 300,000 na farko, ba a buƙaci a shafe magudanan da siminti ba, don yumɓun da kansa yake riƙe ruwa. Daga baya aka ƙara Managil, gonar ta haura faddan miliyan biyu. A cikin hannuwan da suka yi haƙar da tsinkar audugar akwai na mutanenmu: waɗanda suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, da alhazan da suka yada zango a hanyar Makka, zangon ya zama gida. Amma injiniyoyin wancan zamani ba su amince wa ƙasar nan ba a kan duk abin da ake so ya tsaya cak. Dutsen ginin madatsar daga Jabal Sagadi aka ɗauko shi. Audugar kuwa ƙaramin jirgin ƙasa aka shimfiɗa mata zuwa injinan gurza na Maringan da Hasahisa, domin da damina mota ba ta da ta cewa. Kwalta sai can baya ta iso: hanyar Hartum zuwa Madani a shekarun 1960, ta Madani zuwa Gadarif da 'yan Sin suka yi a shekarun 1970, sannan aka miƙo zuwa Sinnar da Kosti da Damazin. Duk mai bin hanyar Sinnar zuwa Sinja ya lura an ɗaga ta a kan ciko sama da filin da ke gefe, kuma duk da haka tana yin tudu da kwari, tana tsagewa ta gefuna. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta Jami'ar Hartum ta shafe shekaru da dama tana fama da wannan matsala. Abin da ya wahalar da gwamnati mai injiniyoyi da manyan injuna, da wuya ya zo wa mai gida ɗaya da sauƙi.

Abin da muke kira kwalta, yawancinsa dutse ne. A cikin kilo 100, kimanin 95 tsakuwa ce da yashi da garin dutse. Kilo 5 ɗin da suka rage su ne baƙin danƙon da ke saura bayan an tace ɗanyen mai. Ana dafa su tare a inji har zafi ya kai digiri 150 zuwa 170, a loda a tifa, a baza, rola ta bi ta kai tun bai huce ba. Da zarar ya sauko wajen digiri 80, daɓuwa ta ƙare. Rola ko ta kwana tana kai da komo, gogar sama kawai take yi. Kuma wannan baƙin shimfiɗi ba shi ke ɗaukar nauyin mota ba. Aikinsa ya hana ruwa shiga, ya ba taya wurin kamawa. Nauyi yana kan cikon da ke ƙasa. A Amurka, inda shimfiɗa kwalta daga titi zuwa garejin gida ya zama ruwan dare, santimita 5 zuwa 8 ake zubawa a kan fasasshen dutse mai kaurin santimita 15 zuwa 20, a riƙa shafe ta duk bayan 'yan shekaru, ta yi shekara 15 zuwa 20 kafin a sake. Can kusan kowane yanki yana da injin dafa kwalta kusa, da ƙananan 'yan kwangila masu ƙananan rola waɗanda aikinsu ke nan. Ko a can ɗin, a jihar Texas inda ake da baƙin yumɓu ɗan'uwan namu, siminti ya fi yawa a ƙofar gidaje, kuma shi ma bai tsira daga tsaga ba.

A yi lissafi da hanya mai faɗin mita 3 da tsawon mita 15, wato abin da zai ishi mota ɗaya daga titi zuwa cikin gida. Murabba'in mita 45 ke nan. A kaurin santimita 5, kwaltar da za ta ci ta ɗan haura tan 5, danƙon da ke cikinta kuwa kamar ganga ɗaya da rabi. Ba wani abu ba ne a ido. Amma danƙon daga waje ake shigo da shi ta Port Sudan, ya yi tafiyar sama da kilomita dubu a mota, da dala ake sayensa, dalar da kafin Afrilun 2023 take wajen fam 600, a 2025 kuma ta haura 3,000 a kasuwar bayan fage. Dutse babu shi a filin nan ko na jifan tsuntsu. Sai an je Jabal Moya ko Sagadi. Sannan babu mai injin da zai kunna wuta don tan 5. Ko ya yarda, in injin yana da nisa, kayan zai iso da ɓawo a sama ya soma sanyi. Kuɗin kawo rola da injin bazawa, ɗaya ne ko mita 15 za su yi ko mita 500.

Duk wannan maganar kuɗi ce, kuma mai kuɗi yana iya cewa ya ji ya gani. Matsalar da kuɗi ba ya saurin magancewa ita ce ta gefe. Idan aka rufe wannan yumɓu da abin da ruwa ba ya ratsawa, ƙasar da ke tsakiya takan daina bin yanayi: rana ba ta busar da ita, ruwan sama ba ya dukanta, sai ta riƙa tara laima a hankali tana tasowa kaɗan-kaɗan har ta tsaya. Ta gefe kuwa tana nan tana bin shekara. Da damina ruwa ya kwanta a bakin kwalta ya ratsa ƙarƙashi, gefen ya ɗaga. Da rani ya bushe, gefen ya sauka. Tsakiya a tsaye, gefe yana hawa da sauka, to dole wani wuri ya karye, kuma shi ne doguwar tsagar nan da ake gani tana bin gefen titi kamar an ja ta da igiya. Wannan shiga da fitar laima takan kai mita ɗaya ko fiye daga baki zuwa ciki. A babban titi mai faɗin mita 7 da kafaɗu a kowane ɓangare, akwai tsakiyar da ta tsira. Hanyar gida mai mita 3 kusan ba ta da tsakiya. Dukkanta gefe ce. Tsaga ɗaya ta buɗe, ruwan damina mai zuwa ya samu ƙofa zuwa ƙarƙashi, kumburin ya koma inda a da ba ya kaiwa. In akwai dogon yaro a ƙofar gida, kuma wane gida ne ba shi da shi, saiwoyinsa suna tsotse laimar ɓangare ɗaya da rani su ƙara karkatar da abin. Ba kuwa zan ba kowa shawarar ya sare inuwarsa don kwalta ba.

Akwai kuma abin da kan ba mutane mamaki: ƙarancin motoci ba ya ƙara wa kwalta kwana. Tayoyin da ke wucewa suna murza ta, suna haɗe ƙananan tsagogi tun ba su girma ba. Wadda mota ɗaya ke takawa sau biyu a yini, rana ce kawai ke aiki a kanta. Danƙon ya ƙone ya bushe, launi ya koma toka-toka, tsakuwa ta soma saki. Abin da take samu a gida shi ne nauyi mai tsayuwa wuri ɗaya, wanda shi ne ba ta so. A Afrilu da Mayu iska tana haura digiri 40 a Sinnar, fuskar kwalta kuwa tana wuce 60, ta yi laushi. Lori ya kwana da lodin riɗi, da safe an ga gurbin tayoyinsa. Ƙafar babur ta huda. Dizal da fetur da baƙin mai, duk 'yan gida ɗaya ne da danƙon, narkar da shi suke yi. Inda mota ke ɗiga, nan rami zai fara.

Sai zafi, wanda a wurina shi kaɗai ya isa ya hana a shigar da kwalta tsakar gida. Tsakar gida a ƙasar nan ɗaki ce. Da la'asar a yayyafa ruwa ƙura ta kwanta, a fito da gadon angarib, a sha shayi, a yi magariba da isha a kan tabarma, a kwana a fili wata da watanni. Yara ba takalmi suke yawo. Baƙin shimfiɗi yini yake yana haɗiyar rana, dare ya yi ya riƙa amayar da ita a ƙarƙashin gadon mai barci, a garin da wutar lantarki ba ta da tabbas balle a dogara da fanka. Wanda ya yi haka ya sayi tsabtar wata uku da barcin wata shida.

Ba a rasa inda kwalta ta dace ba. Layin unguwa guda, daga babban titi zuwa masallaci ko kasuwa ko asibiti, mai tsawon ɗaruruwan mita da faɗin da zai ba shi tsakiya, wannan aiki ne da za a iya yi da kyau idan mutanen layin suka haɗa kuɗi, suka yi gayya, abin da a nan ake ce wa nafir, suka kuma dace da lokacin da wani kamfani ya kafa injinsa kusa yana gyaran babbar hanya. Yanzu da ake maganar sake gina hanyoyin da yaƙi ya lalata, irin wannan dama za ta riƙa samuwa. Ko a nan ɗin ba dole sai dafaffiyar kwalta ba. Feshin danƙo a watsa tsakuwa a daɓe, a maimaita sau biyu, shi ne ya riƙe yawancin hanyoyin Arewacin Nijeriya shekaru masu yawa. Ya fi araha, ya fi jure motsin ƙasa, kuma facinsa ba ya neman babban inji. Akwai ma irin da aka fara a kwarin Otta na ƙasar Norway a shekarun 1960, mai amfani da burji yadda aka haƙo shi ba sai an tace ba, wanda Botswana da Kenya suka yi aiki da shi a hanyoyin karkara.

Amma kusantar kamfani tana zuwa da tarkonta. Da yamma tifa ta tsaya a ƙofar gida, wani ya sauko da fara'a: “Alhaji, ragowar aiki ce ta rage mana, maimakon mu zubar, kawo rabin kuɗi mu malala maka yanzu-yanzu.” Kayan ya riga ya huce. Ba haƙa, ba ciko, ba gangare; a kan laka za a baza shi da shebur, tifar ta bi ta kai da tayoyinta sau biyu a ce an daɓe. Mako guda yana sheƙi, maƙwabta na zuwa kallo. Damina ɗaya ta mayar da shi ɓawo-ɓawo, kuma cire shi sai an biya wasu kuɗin. Ba a ma taɓo tambayar ko kayan na wanda ya sayar ne ba. Araha dai ba ta ado.

To ina ya kamata kuɗin ya tafi? Farko ga ruwa. Ruwan milimita 50 a dare ɗaya, a kan gida mai murabba'in mita 200, lita 10,000 ne, ganga hamsin. Kafin a sayi ko kwano ɗaya na tsakuwa, a tsaya a ƙofar gida ana tsakiyar ruwa a ga inda waɗannan gangunan suke bi, ina suke taruwa, ina ya kamata su fita. Siririn tiyon nan mai ruwa a ciki da magina ke auna daidaito da shi ya isa a gane tudu da kwari. Kowane irin shimfiɗi za a yi, yana son gangaren santimita 2 a kowace mita, yana kallon waje ba jikin gini ba. Indararo kada ya zuba a gindin bango ko a bakin hanyar mota. Wurin alwala da wanke-wanke da famfo mai ɗiga a nisantar da su, don jiƙon wuri ɗaya duk shekara ya fi ruwan sama ɓarna: yana kumbura tabo guda ya bar sauran. Inda hanyar gida ta ƙetare kwatar unguwa, a sa kwalbati mai faɗin da yaro zai iya yashe shi da shebur.

Na biyu ciko. A kwashe baƙar ƙasar sama, aƙalla rabin mita inda mota za ta bi, a mayar da ƙasar da ba ta kumbura, burji mai haɗe da yashi da ɗan gari, irin wanda ake cikon titi, radmiyya, da shi. A hanyarmu mai murabba'in mita 45 ɗin nan, wannan ya haura kubik mita 22 na ƙasa, fita da shiga, kuma a nan ne mafi yawan kuɗin zai tafi, a nan ne kuma ɗan kwangila ya fi samun wurin ha'inci tunda ido ba ya gani. A zuba shi hawa-hawa, kowane hawa bai wuce santimita 15 ba, a yayyafa ruwa, a daɓe, sannan a ƙara. Ciko ya fi hanyar faɗi da kamar mita ɗaya kowane ɓangare, don a tura wancan gefe mai hawa da sauka nesa da inda taya ke bi. Yashi zalla a cikin ramin yumɓu kuskure ne: ruwa zai shiga ya rasa mafita, an gina tafki a ƙarƙashin hanya. Inda burji ya yi nisa, ana iya gauraya yumɓun da ƙonanniyar farar ƙasa, jir, kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari, a jiƙa a bar shi ya kwana biyu kafin daɓe. Tana kashe masa danƙo da kumburi. Mai yin wannan ya kare ido da hannu, don tana ƙuna.

Wanda ya yi waɗannan biyu ya tsaya nan, ya watsa tsakuwa a sama, ya riga ya samu mafi yawan abin da yake nema: mota za ta shiga da damina, takalmi zai iso ɗaki da tsabta. Duk shekara ya ƙara 'yar tifa ya gyara. Mai son abin da ya fi haka kyau, shawarata ya nemi shimfiɗin da ake iya ɗagawa a mayar. Intalok mai kaurin santimita 6 ya ishi ƙaramar mota, mai 8 na lori ne, a kan yashi santimita 3 zuwa 4, da gefen siminti mai riƙe su kada su baje. Mutanen Holan ne suka yawaita shi bayan yaƙin duniya na biyu, su da ƙasarsu ke lotsawa kullum, suna buƙatar titin da za a kwance a daidaita a mayar. Ƙasa ta motsa, a ɗage bulo hamsin, a gyara yashi, a jera su. Magini ɗaya da yaronsa sun gama kafin azahar, ba a sayi sabon abu ba. Simintin Rabak da na Atbara na cikin gida ne, ana kuma iya buga bulon a Sinnar. A dai gwada: bulon da ƙusa ke kankarewa an yi masa rowar siminti. Jan tubali ƙonanne daga kamina, wato maƙonar tubali ta bakin kogi, a jera shi a tsaye gefe-gefe, yana yin irin wannan aiki a tsakar gida, ya fi sanyi a ƙafa, ko da yake lori zai farfasa shi.  Malalen siminti fal-fal kuwa, in ba a yanka shi gida-gida da ƙarfe a ciki ba, ƙasar nan za ta yanka shi yadda ta ga dama.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Daɓen da mata ke yi a ƙasar Hausa, tsakuwa da madaɓi da ruwan makuba, ba a taɓa yin sa da niyyar ya dawwama ba. Ana sabunta shi. Haka gidan laka, jalus, a Sudan, duk shekara kafin ruwa ya sauka sai an bi shi da yaɓen zibala. Ginin da ya san za a dawo masa ya fi dacewa da ƙasa mai numfashi fiye da wanda aka yi wa alkawarin shekara ashirin ba taɓawa.

Akwai haƙƙin da ba ya cikin lissafin ɗan kwangila. Duk santimitar da ka ɗaga ƙofar gidanka, ruwan da ke kwanciya a nan wani wuri zai koma, kuma a fili irin wannan wurin shi ne gindin katangar maƙwabci. In ta laka ce, dare ɗaya ya isa. A ambaliyar 2020, wadda ta taɓa Sinja da ƙauyukan jihar Sinnar, gidajen laka ne suka fi zubewa, kuma ruwan da ya kwanta a gindin bango yakan kayar da gida ko kogi bai iso ba. Malaman Malikiyya sun daɗe da tattauna wannan. Ibn al-Rami, magini ne a Tunis a ƙarni na 14, ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini: indararo, magudana, da filin da ke jikin bangon mutum ta waje, wanda yake da damar amfani da shi amma ba mallakarsa ba ne, kuma ba shi da ikon cutar da mai wucewa ko maƙwabci da shi. Alƙalan daular Sakkwato da irin waɗannan hukunce-hukunce suka yi aiki. A gari irin Mai Wurno, wanda zuriyar daular ta kafa, bai kamata a ce sai an kai ƙara kafin mutum ya kira maƙwabtansa biyu su tsaya tare a duba inda ruwa zai bi ba. Haka kuma wanda bai riƙe takardar filinsa ba, kamar dubban mazauna kambo, sansanonin leburorin gona, a cikin Jazira, ko wanda rikicin 2022 ya taso daga Rusairis da Wad al-Mahi yana zaune a aro, kada ya binne kuɗinsa a abin da ba ya ɗaukuwa. Bulo ana loda shi a karo, keken jaki, a tafi da shi.

Saura wanda ya riga ya yi kwalta, a Sinnar ko Sinja ko Madani, ko a harabar shago ko gidan mai, ya dawo ya iske ta a wani hali. Tsagar ce za ta gaya masa abin yi. Siraran tsagogi nan da can, fuska ta yi fari amma ba ta lotsa ba: tsufa ne, a share su a ɗura danƙo kafin ruwan Yuni, a yi feshi a watsa yashi ko ƙananan tsakuwa, za ta ƙara shekaru. Doguwar tsaga mai bin gefe, ƙasa ce ke motsi; a cike ta, amma in ba a kawar da ruwan da ke kwanciya a wurin ba, baɗi tana nan. Inda kuwa ta farfashe ƙanana-ƙanana kamar bayan kada, tana motsi in an taka, ruwan laka na bulbulowa, cikon ne ya mutu. Ƙara sabuwar kwalta a kan wannan asarar kuɗi ce, domin tsagar ƙasa takan biyo ta fito sama cikin shekara ɗaya ko biyu. A yanka wurin murabba'i, a haƙa har a iske ƙasa mai ƙarfi, a sake ciko. Idan ɓarnar ta kai kashi ɗaya cikin uku na filin, faci ya daina biyan kuɗin sabulu. A kwashe duka. Tsohuwar kada a zubar: a farfasa ta a gauraya da burji, ciko ce mai kyau a ƙarƙashin intalok. Inda mota ta ƙone ko mai ya malala, danƙon ya lalace, sai yankewa. Kuma a duk unguwar da aka yi faɗa, kada a sa diga a ƙasa, kada yaro ya ɗaga wani ƙarfen da ba a sani ba, sai masu aikin kwance nakiyoyi sun duba; harsashin da bai fashe ba yakan nutse cikin laka da damina, ƙasa ta rufe a kansa.

Lokacin aiki ma yana da nasa sirri. Hankali zai ce a yi a ƙarshen rani, ƙasa ta bushe ƙayau, a riga ruwa. A wannan yumɓu lokacin ne mafi muni, don a sa'an nan ya gama tsukewa. Duk abin da aka rufe shi da shi, kumburin shekara guda cif yana jiransa. Bayan ɗaukewar ruwa ya fi, daga Nuwamba zuwa Janairu, sama ta bushe har mota ta shiga amma ciki da sauran laima, tsagogi ba su buɗe ba. Ya kuma yi daidai da lokacin da kuɗin riɗi da dawa ke shigowa hannu. In dole sai da rani, a jiƙa ramin kwana da kwanaki kafin ciko.

Wajen ciniki, a rubuta zurfin haƙa, da irin ciko da inda za a ɗauko shi, da kaurin kowane hawa, da gangare, da inda ruwa zai fita, a gaban shaidu biyu. Ranar haƙa da ranar ciko mai gida ko ɗansa ya tsaya da sanda mai alama yana zurawa, don bayan an rufe ba mai iya sanin abin da ke ciki. Kuma a yi sharaɗi tun farko cewa wani kaso na kuɗin, ko da ɗaya bisa goma ne, zai zauna a hannun wani amintacce har damina ɗaya ta wuce a kan aikin. Ɗan kwangilar da ya san abin da ya binne ba ya gudun wannan sharaɗi. Wanda ya ƙi shi, a nemi wani.